Kwana Uku Tsakanin Katsina da Daura: Yadda Za Ka Tsara Ziyararka

Kusan duk shekara sai na yi baƙin da suka zo ganin Katsina da Daura, wasu abokan karatu, wasu dangi daga Zariya ko Jos. Da yawansu tun daga gida sun riga sun yanke cewa yini ɗaya ya isa: a hau Gobarau da safe, a sha ruwan Kusugu da azahar, a kwana a Kano. Ana iya yin haka, mota ba za ta ƙi ba. Sai dai wanda ya yi irin wannan zuwa hotuna kawai yake komawa da su, in ka tambaye shi me ya gani sai ya ce, "To, wata hasumiyar ƙasa ce, sai wata rijiya a cikin ɗaki."

Kuma bai yi ƙarya ba. Wuraren tarihinmu ba su da ƙyale-ƙyale. Hasumiya ce ta jar ƙasa, rijiya ce mai guga, tuddai ne a gindin kuka. Abin da ke raya su shi ne dattijon da ke riƙe da makullin wurin, da labarin da ke bakinsa, shi kuwa ba ya buɗe maka ƙofa ko baki sai ka zo masa yadda ake zuwa wa mutane. Kan wannan na gina duk tsarin da ke ƙasa.

Da farko, zaɓi lokaci

In son samu ne, ka zo tsakanin ƙarshen Oktoba da farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙauye sun bushe, madatsun ruwa a cike suke, ga amfanin gona ana ta kaiwa gida. Daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne. Yawo da rana yana da daɗi, amma hazo na iya rufe gari har ka hau hasumiya ka kasa hango Ƙofar Soro ta fadar Sarki, sanyin asuba kuma ba ya wasa da wanda ya zo da 'yar shara kaɗai. Maris zuwa Mayu kuwa bazara ce, zafi na haura digiri 40. Ban hana ka zuwa ba, amma ka sani yawonka na safe ne da bayan la'asar, tsakani sai neman inuwa. Damina ta fi kowane lokaci kyan gani, ƙasa ta yi kore shar, sai dai ƙaramar mota na shan wuya a hanyar da ba kwalta.

Masu son hawa su duba kalandar Musulunci. A Katsina ana hawan Sallah ranar idi, washegari a yi hawan Bariki. A Daura ana hawan Sallah da hawan Magajiya, sannan ga Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, wadda Daura ta fi kowa riƙo da ita. Akwai shekarun da aka dakatar da hawa saboda halin tsaro, don haka kada ka biya kuɗin masauki sai ka ji sanarwar masarauta. Ka kuma sani ranar hawa ba ranar ganin wuraren tarihi ba ce, duk wanda zai zagaya da kai yana kan doki ko yana bayan doki.

Tsarin da na fi yi wa baƙina shi ne su iso Katsina ranar Alhamis da yamma, Juma'a a yi ta a birni, Asabar a bi ta Durɓi Takusheyi, kaburburan tsofaffin sarakunan Katsina, a wuce Daura, Lahadi a ci kasuwar Mai'aduwa. Za ka ga dalilin jeren a gaba.

Sai maganar hanya da tsaro

Ba zan ɓoye maka ba. Yammaci da kudu maso yammacin jihar, wato ɓangaren Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da duk abin da ya jingina da dajin Rugu, sun sha fama da 'yan bindiga shekara da shekaru. Akwai wurare masu kyau a can, dam ɗin Jibiya da na Zoɓe a ƙasar Dutsin-ma na cikinsu, amma ban saka su a wannan tsari ba, kuma ba na ba baƙo shawarar ya je don yawon buɗe ido sai ɗan garin da ya amince da shi ya ce masa ya zo. Gabas, tsakanin Katsina da Daura, ya fi kwanciyar hankali. Duk da haka ka tambaya kwana ɗaya kafin ka tashi, kuma direbobin tasha za ka tambaya, don su suke bin hanyar kullum, labarinsu ya fi na Facebook sabunta.

Ƙa'ida ɗaya da ba na sassautawa: magariba ta same ka a cikin gari.

Daga Kano akwai hanya biyu. Ɗaya ta miƙe zuwa Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ɗaya ta bi Kazaure ta faɗa Daura. Saboda haka kana iya shiga ta ɗaya ka fita ta ɗaya, ba sai ka maimaita hanya ba. Mai zuwa daga nesa yana iya sauka a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa. Tsakanin Katsina da Daura kimanin kilomita 80 ne, ta Mashi. Motocin haya na bin hanyar duk yini, amma in kun kai ku uku ko huɗu ku yi shatar mota ta yini, domin motar haya ba za ta ratse da ku zuwa ƙauye ta jira ku ba. Ku gama ciniki tun da dare, ku faɗa wa direba duk inda za a tsaya, ku kuma rabe wa zai sayi mai. Rigimar da ake yi da direba a tsakiyar hanya kusan kullum daga "ai ban san har can za mu je ba" take farawa.

Ka riƙe katin shaidarka. Yankin na kusa da iyakar Nijar, shingayen jami'an kwastan da na shige da fice da 'yan sanda suna da yawa.

Abin da za ka zuba a jaka

Ruwan sha fiye da yadda kake zato, hula ko malafa, takalmi mai sauƙin cirewa domin za ka yi ta cire shi, man shafawa in hunturu ne, da gorar roba ɗaya babu komai a ciki saboda Kusugu. Ka canza kuɗi zuwa ƙananan takardu. A birni ana karɓar tiransifa, amma tsohon da ya buɗe maka ƙofa ba za ka tsaya kana tambayarsa lambar asusu ba, ihsani a hannu ake ba shi, a dunƙule. Goro ɗan kaɗan a cikin ganye yana da amfani in za ka gaida mai gari. Sutura kuwa a yi ta mutunci, maza da mata. Gajeren wando a ƙofar fada ko maƙabarta abin kunya ne ga wanda ya kawo ka.

Abu mafi muhimmanci ba ya shiga jaka: ɗan gari. Nemi wanda zai raka ka, ko da ɗalibi ne ƙanen abokinka. Shi ya san lungun da keke Napep ba ya shiga, shi zai ce, "Baba, baƙi ne daga Zariya suka zo ganin wuri," kuma wannan jimla ɗaya tana buɗe abin da takardar gabatarwa ba ta buɗewa.

Juma'a: cikin birnin Katsina

Fara da Gobarau da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Hasumiyar tana cikin tsohon gari, gidaje sun kewaye ta, tsayinta kimanin mita 15. Ana danganta gininta da zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina Musulmi na farko, a ƙarni na 15, ana kuma haɗa masallacin da take jikinsa da zuwan Shehu Magili, malamin nan na Arewacin Afirka da ya zauna a Kano da Katsina. Masallacin Juma'ar gari ne a da, kuma makaranta. Yanzu hasumiyar ce ta rage, ita ma an yi mata babban gyara a zamanin Sarki Dikko.

In ka isa kada ka nufi matakala. Yi sallama ga mutanen da ke zaune a wurin, ka tambayi mai kula da ita, ka jira shi ko da zai ɗauki rabin sa'a. Matakalar ƙunci gare ta, wasu takun sun side saboda ƙafafun da suka bi ta kansu, don haka a hau ɗaya bayan ɗaya, hannu na dafe da bango, yara a tsakiyar manya. Sa tafin hannunka a jikin ginin ka ji sanyinsa, ka duba kan azarar da ta leƙo daga cikin ƙasa. Daga sama za ka ga abin da ya sa aka ce ta yi aikin hasumiyar tsaro: gari shimfiɗe a ƙasanka, rufin kwano ya cinye na soro, amma lungunan suna nan a murɗe yadda aka bar su.

Sai ka sauko ne za ka nemi labari. Tambayi dattijon game da rigimar alƙibla, yadda aka ce malamai sun yi ta gardama a kan inda masallacin zai fuskanta har wani baƙon malami, Malam Jodoma, ya nuna da sandarsa aka hango Ka'aba. Na ji wannan labari a bakin mutum uku, kowa da inda yake ƙara gishiri. Ba aikinka ba ne ka yi musu. Ka saurara, ka ce "Allahu Akbar" inda ake cewa, ka yi godiya.

Daga nan wuce tsohuwar Kwalejin Katsina, wajen Rafukka, wadda yanzu gidan adana kayan tarihi ce a hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ka je kafin sha ɗaya, ranar Juma'a ma'aikata kan tashi da wuri. Gwamna Hugh Clifford ne ya yi bikin buɗe ta a 1922 don horar da malamai. Ahmadu Bello ya yi karatu a nan daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. A 1938 aka mai da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, ita ce ta zama Kwalejin Barewa. Abin da ke kama ni duk zuwa shi ne ƙanƙantar azuzuwan. Ka tsaya a ciki ka tuna cewa Firimiyan Arewa da Firayim Ministan Nijeriya duk a ɗakunan ƙasa irin waɗannan suka zauna. Kafin ka ɗaga waya ka tambaya ko an yarda a ɗauki hoto, akwai sassan da ake hanawa.

Sallar Juma'a ka yi ta a babban masallaci da ke kusa da fada. Ka je da wuri ka samu gefen da za ka ga isowar Sarki, da dogarai cikin ja da kore, da masu algaita. Wannan ne dalilin da ya sa na ajiye Katsina a ranar Juma'a: ba tare da ka nemi iso ba za ka ga sarauta tana tafiya da ƙafarta. Fadar ita ce Gidan Korau, ƙofarta Ƙofar Soro, filin gabanta Kangiwa. Sarki Abdulmumini Kabir Usman yana kan gadon tun 2008, shi ne na huɗu a gidan Dikko, bayan Dikko da ya hau a 1906, da Usman Nagogo a 1944, da Muhammadu Kabir Usman a 1981. Shiga cikin fada sai da izini, ana nema ta ofishin masarauta tun kafin ranar. In ba ka samu ba, tsakar filin ma ta isa kallo. In kuwa an shigar da kai, cire takalmi inda ka ga an cire, ka durƙusa inda aka durƙusa, ka bar dogari ya amsa gaisuwarka. Ka kasa kunne za ka ji Katsinanci tsantsa, "Ranka shi daɗe."

Bayan la'asar ɗauki keke Napep ku zagaya ƙofofi: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa. Ta Ƙofar 'Yanɗaka Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo da sojojinsa a 1903. Gaskiya ita ce yawancin ƙofofin an sake su da siminti, ganuwar kuma gine-gine da masu ɗibar ƙasa sun cinye mafi yawanta, sai guntaye nan da can. Ni abin yana ba ni takaici, kuma ban ga amfanin in yi maka alkawarin abin da ba za ka tarar ba. Sa'a ɗaya ta ishe ka.

In da sauran rana, ziyarci maƙabartar Ɗanmarna, inda kabarin Wali Ɗanmarna yake, malamin ƙarni na 17 da ake yi wa Katsina kirari da shi, "Tudu garin Ɗanmarna." A nan aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a Mayun 2010. Wali Ɗanmasani, wanda ya rasu a 1667, shi ma ɗan garin nan ne, unguwar Masanawa tana nan har yau. Maƙabarta wurin addu'a ce, a mai da waya aljihu. Mata su tambayi mai rakiya kafin su shiga, don a al'adar garin ba kasafai suke shiga ba.

Da dare nemi mai tsire ko balangu, ka sayi kilishin tsaraba tun yau, gobe ba za ka samu sukuni ba.

Asabar da safe: Durɓi Takusheyi

A nan nake so ka ba da lokaci, domin shi ne wurin da baƙi suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi tsufa a tarihin sarautar Katsina. Yana ƙasar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birni. Sunan ma ya faɗi abin da ke wurin, kusheyi ne, na sarakunan Durɓawa da suka yi mulki kafin Korau. Ana lissafa su tun daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda labari ya ce Korau ya kayar da shi a kokawa ya yanka shi, sarauta ta koma sabon gida. Wuƙar da ake kira Gajere tana cikin kayan sarautar Katsina har yanzu.

Abin da ido zai gani tuddan ƙasa ne a tsakiyar gonaki, da manyan kukoki, da duwatsu. Wanda bai sani ba zai wuce su yana zaton jujin tsohon kango ne. Amma an tona wasu daga cikinsu sau biyu: a 1907, lokacin Bature Palmer da Sarki Dikko, sai kuma a 1992, tare da masu bincike daga Jamus. An samu mutum ɗaya a tsakiyar kowane tudu, an binne shi da kayan ado, akwai na zinariya, da tasoshin tagulla, da wuri, da awarwaron hauren giwa. Wasu kayan daga ƙasashen Musulmi na nesa suka zo. Ma'anar wannan ita ce tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce fatake na haɗa wannan ƙauye da kake tsaye a cikinsa da duniyar da ke bayan Sahara. Kayan ba sa wurin, suna hannun hukumar gidajen tarihi, kada ka je kana neman a nuna maka zinariya.

Ga yadda ake zuwa. Ku bar Katsina da ƙarfe bakwai. In kun isa ƙauyen ku fara da ƙofar gidan mai gari, ku yi sallama, ku zauna a tabarmar da aka shimfiɗa, a gaisa har a gama tambayar gida da gajiya da hanya. Sannan mai rakiyarku ya faɗi abin da ya kawo ku. Mai gari zai haɗa ku da wanda zai kai ku. Kada ku taka shuka, kada ku hau kan tudu sai an ce ku hau, kada ku ɗauki ko tsingaro.

Na san wannan ne don na taɓa yin akasinsa. Zuwana na farko a watan Afrilu ne, da tsakar rana, da baƙi biyu a ƙaramar motata. Na ga kamar na san hanya, na wuce gidan mai gari ban tsaya ba, na saki turba na bi wata burtali. Ba mu yi nisa ba tayoyin gaba suka nutse cikin rairayi. Ina ta taka totur, mota na ƙara zama. Wani tsoho da ke gyaran darni ya ajiye aikinsa ya tako a hankali, ya dube mu, ya dubi taya.

"Sannunku da rana. Daga ina?"

"Daga birni, Baba. Kusheyi muka zo gani."

"To, madalla. Kun gaisa da mai gari?"

Na yi shiru. Bai ƙara cewa komai a kai ba. Ya kira samari huɗu, aka sassare rassan geza aka cusa ƙarƙashin taya, aka rage iska, aka tura. Da muka fita sai ya shiga gaban mota ya ce mu juya, ya kai mu gidan da na tsallake. Sai da muka sha ruwan randa a moɗa, muka yi gaisuwar da ya kamata mu yi tun farko, sannan aka kai mu wurin da ashe yana bayanmu, ba inda na nufa ba.

Sa'a biyu sun isa a nan. Ku koma babbar hanya ku nufi Daura.

Hanyar kanta abin kallo ce ga mai lura. Dubi gawo a cikin gonaki, itacen da ke yin ganye da rani ya kaɗe da damina, shi ya sa manoma ba sa sare shi: ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. Ga kuka, ga kanya, ga goruba da aduwa, ga rumbuna sababbin cikawa in kaka ce. Yara na tallar goruba da magarya a bakin hanya, ku tsaya ku saya.

Asabar da yamma: Daura

Ku sauke kaya a masauki, ku sha fura. Daura ba ta wasa da fura da nono, a sa a dama muku a ƙwarya a gabanku.

Rijiyar Kusugu tana cikin gari, ba nisa da fada, an gina mata ɗaki an kewaye ta. Akwai masu kula da ita, ana kuma ba da ɗan abin shiga. Labarin kowa ya san shi tun firamare: Bayajidda ya iso da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki, ya karɓi guga ya je ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, Magajiya Daurama ta aure shi, ɗansu Bawo ya haifi waɗanda suka kafa Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, a haɗa da Biram a cika Hausa Bakwai. Abin da littafin makaranta bai cika faɗa ba shi ne ƙananan rassan labarin, kuma su za ka roƙa a ba ka. Tambayi yadda aka aiki Galadima ya dubo macijin ya hango daga nesa ya juyo, Ƙaura kuwa ya je har ya taɓa shi ya tabbatar ya mutu. Tambayi labarin Bagwariya, ƙwarƙwarar Bayajidda, da ɗanta Karɓagari, da yadda sunan Bawo ya zama amsa gare shi. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan wane ɓangare ne ya faru, wane ne hikaya. Ni dai ina ganin bakin rijiyar ba wurin wannan muhawara ba ne.

Leƙa ciki a hankali, riƙe da wayarka da kyau. Karɓi guga ka ja da hannunka, kada ka bari a ja maka, ka ji nauyin igiyar da sanyin ruwan. Mutanen Daura na cewa ba ta taɓa ƙafewa ba. Yawancin baƙi suna kurɓa su cika gora su kai gida. Mai laulayin ciki ya wanke fuska kawai, ba wanda zai ce masa don me.

Fadar Sarkin Daura ita ma sai da iso. In an yarda kun shiga zaurukan, ɗaga kai ka dubi rufin, bakan gizon da magina suka ɗaure da azara da ƙasa ba ƙarfe ko ɗaya. Sarki Umar Faruk Umar ya hau a 2007 bayan rasuwar Muhammadu Bashar, wanda ya yi mulki tun 1966. Wani abu da ya bambanta Daura: bayan jihadi sarakunan Haɓe sun fice zuwa Zango da Ɓaure, amma a 1906 Turawa suka dawo da gidan kan gadon Daura ta hannun Malam Musa, shi ya sa tsofaffin sarautu da al'adu irin su Gani suka ci gaba da ƙarfinsu a nan. Takobin da ake dangantawa da Bayajidda yana hannun masarauta, ba kowane baƙo ake fito wa da shi ba, kada ka nace.

Da yawa yanzu suna tambayar kabarin tsohon Shugaba Muhammadu Buhari, wanda ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025 aka binne shi a Daura bayan kwana biyu. Kabarin yana cikin gidansa, gidan iyali ne mai masu gadi. In an ba da dama a shiga a yi addu'a, to. In ba a ba da ba, addu'a na isa daga ko'ina.

Lahadi: kasuwa da bakin ruwa

Kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi take ci, tana arewa da Daura a hanyar Kwangwalam, bakin iyaka. Karar dabbobi ita ce abin gani: shanu, raƙuma, manyan raguna da awaki da ake kawowa daga Nijar, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Ku je da hantsi. Tsaya kusa da dillali ka kalli yadda ake ciniki, mai saye na taya wa, mai kaya na cewa "albarka," ana jan hannu ana sakewa har a kai ga "na sallama." Kada ka taya abin da ba za ka saya ba, kada ka tsaya bayan raƙumi, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, musamman matan Fulani masu tallar nono. Kuɗinka a aljihun gaba. Iyaka na kusa, amma kada sha'awa ta ja ka ka tsallaka ba takarda.

Da la'asar, in da ƙarfi, ku je bakin ruwa. Dam ɗin Sabke da na Daberam duk suna ƙasar Daura, wanda ya koma ta Katsina kuma yana iya ratsewa Ajiwa, inda birnin ke samun ruwan famfo. Ba wuraren shaƙatawa ne da aka gyara ba, babu kujeru, babu mai sayar da lemo, ku tafi da tabarmarku. Abin da ke wurin masunta ne da komarsu, da 'yan noman rani suna ban ruwan tumatir da albasa, da garken shanu na gangarowa shan ruwa, belbelu na bin su, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a gefe. Ku gaida masu gadin wurin, kada ku ɗauki hoton injuna da gine-ginen hukumar ruwa. Kada kowa ya yi wanka, ko da ya iya ruwa: ƙasan dam laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan kwance kuma yana ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, yara ta fi kamawa. In masunci ya ce zai zagaya da ku a kwalekwale, ku dubi jirgin, ku ƙirga kanku, in babu rigar ruwa ku bar yara a tudu. Kifin da aka fito da shi yanzu ya fi araha a nan, ana iya gasa muku.

Ƙarfe biyar ku naɗe tabarma. Mai komawa Kano ya kwana a Daura ya kama hanyar Kazaure da safe. Gorar ruwan Kusugu a ɗaure bakinta da leda a tsayar da ita tsakanin ƙafafu, kada a sa ta a but tare da kilishi.